Yadda Muka Kusa Kashe Romo da Ruwa

Duk layinmu Mai Ciyawa ake ce wa kakana, kuma yana amsawa, ko a jikinsa. Ni Tsoho nake ce masa. Shi kuma Rediyo yake ce min, wai tunda na fara magana ba a gano inda ake rage min murya ba. A gidansa na tashi, ni da yayana, don babanmu ya rasu muna ƙanana, mamanmu kuma ta yi aure a wani gari. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ta riƙe mu, ita ke riƙe da kicin, ita ke riƙe da Tsohon kansa in ka bi ta gaskiya. Ni boko bai karɓe ni ba, kitso nake yi a wani shago a bakin titi. In kun ga rubutun nan ya karkace, ku yi haƙuri, hannuna ya fi sabawa da gashi. Yanzu da Allah ya rufa mana asiri nake iya ba da labarin nan ina dariya. Lokacin da ake ciki ba wanda ya ga haƙorina.

Tsoho direban babbar mota ne, tun kafin a haifi babana har ranar da gwiwarsa ta ƙi taka kuloci. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan hanya, a bakin hanya yake ci, kuma shi bakinsa ba ya yi masa ƙarya. Duk rumfar da ya tsaya, in ya kai loma ya ji wani ɗanɗano da bai sani ba, shi ke nan, tafiya ta tsaya. Zai bi mai abincin har bayan rumfa yana tambaya me ta sa. Wasu wuraren ma ba ya jin yarensu, da hannu ake maganar: ya nuna tukunya, ya nuna harshensa, ya ɗaga gira. In aka nuna masa ganyen, sai ya roƙi reshe ɗaya, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya cusa a yankakken galan a bayan kujerarsa. Haka zai yi ta yayyafa masa ruwan shansa har gida.

Gwaggo ta ce kakarmu, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah tana mita ɗaya.

"Mazan mutane su dawo da atamfa, nawa ya dawo da ciyawa. Ni akuya ce?"

Shi kuma sai ya ce, "Atamfa kike dafawa?"

Yawancin abin da ya kawo mutuwa suka yi, wasu tun a hanya. Waɗanda suka yi taurin kai suka rayu, suna nan a wani lungu bayan ɗakinsa, tsakanin katanga da tankin ruwa. In ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bango biyu. A nan ya jera tsofaffin tayoyi, bokitan fenti, wani bahon wanka da ya tsage, har da tukunyar kakarmu da gindinta ya ɓule. Bai san sunan ko ɗaya ba, don haka shi ya raɗa musu. Akwai Faci, wanda ya samo ranar da tayarsa ta fashe, siriri kamar ciyawar gefen rijiya, ƙamshin tafarnuwa gare shi amma ba ya kwana a baki. Akwai Lantarki, mai wani ɗan fure rawaya kamar maɓallin riga, in ka tauna harshenka zai kama zir-zir-zir, yawu ya yi ta zuba ba ka iya tare shi. Na taɓa ba wani saurayi mai yawan surutu, na ce alewa ce. Bai sake dawowa ba, kuma ban yi asara ba. Akwai wani mai ƙarnin kifi da Gwaggo ta rantse ba zai shiga tukunyarta ba.

Sai kuma Romo.

Romo ganyensa kauri gare shi, kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. In ka tauna shi ɗanye ba za ka ce komai ba, garas-garas kawai. Amma a yi miya ko da ba ƙashi ɗaya a ciki, a sauke, a yayyaga ganyen nan da hannu a watsa, a rufe tukunya ta ɗan huce, wallahi in ka buɗe za ka rantse an kwana ana dafa nama. Da hannu fa, ba da wuƙa ba, kuma bayan an sauke. In ka sa shi a kan wuta ya tafasa, ya zama alayyafo mara gishiri. Tsoho ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi a wani gari mai duwatsu da yawan ruwan sama, kuma ya koma hanyar daga baya bai ga rumfar ba, an yi gidan mai a wurin. Abin haushin Romo, ba ya yin iri. Shekara da shekaru ko ƙwaya ɗaya bai taɓa zubarwa ba. Sai dai a yanki reshe a dasa.

Da can duk wasa muka ɗauki abin, tsoho ya rasa aikin yi. Sai da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, jininsa ya hau, ƙafafunsa suna tara ruwa, ya ce daga yau ba gishiri, ba dunƙule. Ga mutumin da yake barbaɗa gishiri tun kafin ya ɗanɗana abinci! Ranar farko da Gwaggo ta kawo masa miyar lami, ya kai cokali ɗaya, ya ajiye, ya ce, "Wa ya rasu?" Ya yi yajin ci sosai, har wandonsa ya fara zamewa. Shi da kansa ya lallaɓa lungu wata rana ya tsinko Romo, ya yayyaga a kwanon, ya rufe da faranti, ya zauna yana jira. Ya buɗe, ya ci, ya cinye. Tun daga ranar kullum sai Romo, safe da rana da yamma. Da shi aka raba Tsoho da gishiri, ba da wa'azin likita ba.

To amma ganye in ana tsinkarsa kullum ai ba ya yin ƙiba. Da yana da su a tayoyi da yawa, tsinka ta cinye wasu, wani zafi da aka yi ya ƙone sauran. Ya rage guda ɗaya, babba, a wani shuɗin bokitin fenti kusa da tanki. Kullum cewa yake bari gari ya yi sanyi ya yanka ya ƙara dasawa. Gari bai kai ga yin sanyin ba numfashinsa ya fara sarƙewa, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, aka kwantar da shi a asibiti.

Washegarin kwanciyarsa na kai masa shayi. Gwaggo ta fita karɓo magani. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"Rediyo."

"Na'am, Tsoho. Wasiyya ce? Ni dai agogon nan nake so."

"Ubanki. Saurara. Romo."

"Me ya same shi?"

"Ki ba shi ruwa kullum. Ke na ba amana. Gwaggonki mantuwa gare ta, yayanki kuma in ka ba shi shuka zai nemi inda ake zuba mata man juye. Kar ki gaya musu, kar su ji haushi."

Kaina ya yi wani irin girma. Ni da kullum ake cewa ba ni da hankali, yau ni aka zaɓa a duk gidan. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ko ni zan kwana da ƙishi Romo ba zai kwana da shi ba. Kullum kafin in tafi shago sai in zagaya lungu a ɓoye in juye masa buta guda cif. In na dawo da yamma in ƙara masa, don kar a ce na yi rowa.

Abin da ban sani ba, tsohon nan ya yi wa Gwaggo irin wannan raɗar, ya ce ni shirme ya yi min yawa. Ya yi wa Yaya ita, ya ce mata ba su san kan shuka ba. Kowannenmu ya nuna masa shi kaɗai ya zaɓa, ya ce masa kar ya faɗa. Mu uku muna ta wuce juna a tsakar gida da buta a bayan zane ko a bayan wando, kowa yana jin shi ne ɗan gaban goshi.

Mu gidanmu kuma in muna son ka, ɗura za mu yi maka. Baƙo bai taɓa cewa ya ƙoshi an yarda ba. Gwaggo ba ruwa kaɗai take ba shi ba, har da ruwan wankin shinkafa, da na wankin nama, da ragowar ganyen shayi, wai ya samu ƙarfi. Yaya kuwa gyaran lagireton mota yake yi, aikinsa ke nan tun safe har dare, neman inda ruwa ke yoyo ya toshe. Ya je lungu ya ga ruwa na ɗiga ta ƙasan bokiti. Jikinsa ya ba shi aiki ya samu. Ya kishingiɗa bokitin, ya ga huji-huji a gindi, ya ce lallai Tsoho ya tsufa, bokitinsa ya lalace bai sani ba. Ya ɗauko gam ɗin da yake liƙe lagireto ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya toshe tsaf. Aiki mai kyau kam, ko ɗigo bai sake fita ba.

Ni na fara ganin ganye na yin rawaya, sai na ce ƙishi ne, na ƙara buta. Ashe kowa haka ya ce.

Ranar da asiri ya tonu, na shigo lungu da butata na tarar da Gwaggo tsugune da roba, sai ga Yaya ya ɓullo ta bayan tanki da galan. Muka tsaya cirko-cirko.

"Me kike yi a nan?" in ji Gwaggo.

"Ke me kike yi a nan?"

"Ni Baba ya ba amana."

"Wane Baban? Ni ya ba!"

Yaya ya ajiye galan a hankali ya ce, "Kai. Tsohon nan ya yi mana ɗauki ɗai-ɗai."

Sai a lokacin muka kalli bokitin da idon gaskiya. Ruwa ya kwanta a sama kamar kududdufi, har da 'yan sauro. Wani wari yake kamar kwata. Na taɓa ganye ɗaya ya biyo hannuna, na taɓa wani ya faɗo da kansa. Gindin karan ya yi baƙi, na matsa da yatsa ya nutse kamar dafaffen dankali. Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati.

"To me ya hana ruwan fita?" na ce.

Yaya ya kalli sama, ya kalli katanga, ya sosa ƙeya. "Akwai wasu 'yan huji da na gyara."

"Ka gyara!"

"Yoyo fa yake, Rediyo."

"Bokitin shuka ne, Yaya, ba motar Alhaji ba!"

Gwaggo ta ce mu rufe mata baki, faɗa ba zai tayar da shi ba. Muka karkata bokitin muka tsiyaye ruwan, Yaya ya ɓanɓare gam ɗinsa yana ƙunƙuni wai aikin banza ya yi. Muka ja shi rana ya bushe. Rana ta ƙarasa sauran ganyen.

Matsalar ba ta lungu ba ce, ta asibiti ce. Duk kwanakin nan da Romo ake yi masa abincin da muke kai masa, yana ci, likita yana murna. Ranar farko da kula ta je ba Romo, ya buɗe, ya shinshina, ya rufe.

"Ina mutumina?"

"Baba, hutawa muka bar shi ya yi," in ji Gwaggo. "Ai kai ka ce kar a cika tsinka."

Ya kalle ta ta saman tabarau ya ture kular. Gwaggo ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta sa Faci, ta sa albasa har idonta ya yi ja, ta sa citta, ta matsa lemun tsami, har mai ƙarnin kifin da ta rantse a kansa ta sa tana toshe hanci. Sai ya kai cokali biyu ya ture, ya ce ruwan wanki ne. Yaya ya zaga duk masu sayar da furanni a bakin titi da wani mataccen ganye a aljihu. Su ce meye sunansa, ya ce Romo, su yi ta dariya su nuna masa mai tsire. Ƙarshe ya dawo da wani mai kama da shi sak, yana washe baki. Na ce bari in ɗanɗana kafin mu kashe tsohon mutane. Na tauna ɗan mitsitsi. Leɓena ya kumbura kamar na yi dambe, maƙogwarona ya yini yana ƙaiƙayi, a shago madam ta ce in koma gida ina tsorata mata kwastomomi.

Tsoho ya fara zubewa a gabanmu. Wuyansa ya yi tsawo, idonsa ya faɗa, ko zagina ya daina, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Nas ta kira Gwaggo gefe ta ce maganin da ake ba shi ba ya son cikin da ba komai, in bai ci ba ba inda za a je. Sai wata safiya ina gyara masa matashi na ji wani abu ya yi ƙaras. Na zaro. Ƙullin gishiri ne a 'yar leda, matar mai gadon kusa da shi ya lallaɓa ta ba shi, wai na kurkure baki ne.

Na ɗaga ledar a gaban hancinsa.

"Tsoho, meye wannan?"

"Magani."

"Maganin tafiya lahira?"

"Rediyo, gara in tafi da daɗin baki da in zauna ina shan ruwan wanki. Ba ni abina."

Gwaggo tana ta ƙifta min ido kar in faɗa. Ni kuwa abu ba ya kwana a cikina.

"To ka ji gaskiya. Romo ya ruɓe. Mu muka kashe shi da ruwa, mu uku, kuma kai ka ja, don kai ka bi mu ɗaya-ɗaya kana raba amana kamar goro. Yaya kuma ya toshe hujin bokiti."

Har mai gadon kusa sai da ya daina tari. Na zaci zai yi ihu, ko ya faɗi, nas ta zo ta ce na ƙarasa shi. Ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ce, "Ya toshe?"

"Da gam ɗin lagireto."

Kafaɗarsa ta fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ƙi fita don ba ƙarfi. Da ta lafa ya goge ido ya ce, "Kan rassan, can sama, akwai sauran kore?"

"Kaɗan. Ba ganye dai."

"Ku tumɓuko shi ku kawo min. Da reza sabuwa, da gawayi, da kwalaben magani da aka shanye. Yau, ba gobe ba."

Haka muka ɗauko mushen Romo a baho muka shiga tasi, direba yana ta buɗe gilashi yana tambaya ko mataccen ɓera muka ɗauko. Nas ta tare ƙofa ta ce wannan ƙazantar ba za ta shiga ɗakin marasa lafiya ba, ko kakan wa ye. Sai muka turo Tsoho a keken asibiti zuwa baranda. Ya ɗora bahon a cinya. Ya kama rezar. Yana yanka daga sama yana duba cikin karan. In ya ga ɗigon baƙi ya jefar ya ƙara hawa sama, har sai ya samu inda cikin ya yi fari tas. 'Yan guntaye ya samu, ba su fi tsawon yatsa ba, ba su cika hannu ɗaya ba. Kowanne ya sa shi a kwalbarsa, ruwa ɗan kaɗan iya gindi, da ɗan gutsuren gawayi.

"Tagar kicin, inda rana ba ta bugawa. Kar wanda ya ƙara ruwa. Kar wanda ya ba shi shayi." Ya kalli Gwaggo. "Kar wanda ya gyara komai." Ya kalli Yaya.

"Za su yi?" na ce.

"Ban sani ba. Ban taɓa yanka daga mara lafiya ba."

Sai ya ce mu yi magana ta manya. Zai ci duk abin da Gwaggo ta dafa, ko ruwan wankin ne, zai toshe hanci ya haɗiye har a ga abin da kwalaben nan za su yi. In sun yi saiwa, shi ke nan. In duk sun mutu, a dawo masa da gishirinsa a bar shi da Ubangijinsa, kar wanda ya sake yi masa maganar likita. Gwaggo ta ce Allah ya kiyaye, ba da ita ba. Ni na miƙa masa hannu muka tafa, don na san shi, in ba a ba shi abin jira ba, yau ɗin nan zai nemo wata ledar. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba, wai na sa ran ubanta a caca.

Ya cika alkawari. Yana ci yana yamutsa fuska kamar ana yi masa allura, amma yana ci. Kumburin ya sauka, aka sallame shi. Ya sa aka ajiye masa kujera a ƙofar kicin, nan yake yini yana gadin kwalabe kamar mai jiran haihuwa. Ni kuma kullum da safe sai na zaro guntayen in leƙa gindinsu, har ya ce in na sake taɓawa zai sa a ɗaure min hannu. Ɗaya ya yi baƙi, aka zubar. Wani ya bi shi. Wani ya yi laushi ya kwanta a bakin kwalba. Duk wanda aka zubar, Gwaggo sai ta harare ni. Na daina cin abincin kirki, na yi wa wata mata kitso ya karkace har sai da na tsefe na sake. Aka wayi gari saura biyu, su ma ba su mutu ba, ba su yi komai ba, suna tsaye kamar ashana.

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan fita, na ji Gwaggo daga kicin tana cewa, "Oh ni, su ma sun fara fumfuna. Bari in wanke musu ko Allah zai sa." Sai na ji ƙarar famfo.

Tsoho yana zaune a kujerarsa yana gyangyaɗi. Mutumin da tun dawowarsa sai an kama shi yake miƙewa, sai ga shi tsaye ba sanda.

"Ke! Ajiye sosan nan!"

Na ruga. Gwaggo na tsaye bakin famfo, guntun Romo a hannun hagu, soson wanke-wanke a dama, da kumfa. Tsoho ya karɓe shi da yatsa biyu, ya matsa bakin taga, ya ɗaga tabarau ya sauke. A gindin karan akwai wasu fararen abubuwa tsil-tsil, kamar an barbaɗa gari, ɗaya ma ya ɗan fito kamar bakin zare.

"Fumfuna," in ji shi. "Fumfunar gidanku. Saiwa ce."

Ya duba ɗayan, shi ma haka. Soso ya faɗi daga hannun Gwaggo. Ta zauna daɓas a kan buhun shinkafa ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ka sanin kuka take ko dariya. Ni kuwa guɗa na saki, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ya haihu. Na ce mata 'yan biyu ne, kuma duk suna lafiya. Na kira Yaya a waya yana gareji, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ƙara cewa, "Ki ce wa Gwaggo yanzu ba ni kaɗai ba ne mai gyara."

Ba a ranar aka ci ba, ai sai da suka yi ƙarfi. Da saiwar ta yi tsawo ya dasa su a bokiti biyu, ƙasa da yashi da gawayi, Yaya da kansa ya huda gindin da ƙusa mai zafi, ya yi ta hudawa har Tsoho ya ce ya isa, ba rariya aka ce ya yi ba. Da suka yi rassa ya sake yanka ya sake dasawa kafin ya yarda a tsinki ko ganye ɗaya. Ya ci gaba da haɗiyar miyar lami yana mita, mu kuma mitar daɗi take mana, don mai mita ai da sauransa. Ba da ruwa kuwa ya hana kowa, sai shi. Yana tura yatsa cikin ƙasa, in ya ji danshi ya wuce abinsa.

Ranar da ya ce a tsinka, na ƙi zuwa shago da wuri. Shinkafa Gwaggo ta dafa da miyar tumatir, ba nama, ba gishiri. Ya shiga lungu da kansa ya fito da 'yan ganye a tafin hannu, ya yayyaga a kwano, ya kife faranti a kai. Muka zagaye shi muna kallo.

"Ba ku da aikin yi ne?"

Ba wanda ya motsa. Ya buɗe, tururi ya tashi, ƙamshin nan da muka manta ya cika tsakar gida. Ya kai loma, ya tauna a hankali. Ya kai ta biyu. Daga nan ya ajiye cokali ya sa hannu. Ya cinye tas, ya side kwanon da yatsa, ya sha ruwa, ya yi gyatsa mai ƙarfi ba ko kunya. Ya jingina da bango wai zai ɗan huta kafin ya wanke hannu, kafin ka ce me ya fara minshari, baki buɗe, miya a gemu.

Na ɗauko tsumma zan goge masa, Gwaggo ta riƙe min hannu.

"Bar shi," ta ce a hankali. "Ke dai tafi aikinki."

Na isa shago rana ta yi tsaka, mata uku na jira, madam ta fara zazzaga min masifa tun daga bakin ƙofa. Na bar ta ta gama, na ɗauki matsefi na ce wa ta farko ta zauna, yau duk irin kitson da take so zan yi mata.